Kuɗin Awa Ɗaya na Aiki, Daga Takardar Doka Zuwa Kasuwar Sanam

Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a biya ma'aikaci cikin Jamhuriyar Nijar, wanda ma'aikatan ofis ke kira SMIG, ya tashi daga tamma 30,047 zuwa tamma 42,000 a wata, watau jika arba'in da biyu. An faɗi labarin a rediyo, an buga shi a jarida, kuma ma'aikatan kamfanoni na Yamai da Arlit da Malbaza sun gane abin da ake nufi, domin su mutane ne masu jiran ƙarshen wata. Amma leburan da ke ɗauko wa magini yashi a Sanam, da ɗan baremar da ke noma gonar wani a Shikal, da mai buga tubali a bakin tafki kusa da Filinge, ba su da ƙarshen wata. Da la'asar ake sallamar su, gobe kuwa sai yadda Allah ya yi. A wajen irin waɗannan mutane jika arba'in da biyu magana ce ta nesa, sai fa in an farfasa ta, an mai da ita kuɗin awa da kuɗin yini.

Lissafin bai fi ƙarfin wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ba. Dokar aiki ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu ranar 25 ga Satumba 2012, ta ƙayyade makon aiki a kan awa 40. Shekara tana da mako 52, ke nan awa 2,080 a shekara. In aka raba su cikin wata 12, kowane wata ya sami awa 173 da sulusi. To, tamma 42,000 in aka raba ta a kan waɗannan awoyi, kowace awa ta tashi a tamma 242, watau dala 48 da tamma biyu. Yinin aiki na awa takwas kuwa ya kama kusan tamma 1,940, jika biyu ba dala goma sha biyu. Ya kamata a lura da wani abu a nan, domin ya sha jawo gardama a wurin biya: takarda da tamma take ƙirga, kasuwa kuwa da dala. Mutumin da aka ce masa ɗari biyu da arba'in, in bai tambaya ba, zai ɗauka dala ake nufi, ya sa rai ga jika da dala arba'in, alhali abin da aka rubuta bai kai dala hamsin ba. Rabin rigimar lebura da magatakarda daga nan take farawa.

Wannan adadi na tamma 242 yana da tarihi, kuma tarihin ne ya fi adadin muhimmanci. Kakannin Kurfayawa sun yi wa Turawan mulkin mallaka aikin tilas, sun sassabe hanya, sun ɗauki kaya a ka, ba a biya su ba, har sai da aka soke aikin tilas a watan Afrilu na 1946. Dokar aiki ta ƙasashen da Faransa ke mulka, ta watan Disamba 1952, ita ce ta fara kawo maganar mako mai awa 40 da albashin da ba a saukowa ƙasa da shi. Bayan samun mulkin kai an riƙe wannan tsari. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka buɗe ma'adinin Akuta a 1978, kuɗi suka shigo baitulmali, gwamnatin Seyni Kunce ta yi ta ɗaga kuɗin awa bi da bi, har a 1980 ya kai tamma 109, watau tamma 18,898 a wata.

Daga nan sai abin ya tsaya cik. Shekara 26 cur, daga 1980 har zuwa 2006, kuɗin awa na doka bai motsa daga tamma 109 ba. Dalilan sanannu ne. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, bashi ya hau kan ƙasa, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, fari na 1984 ya kashe dabbobi, kamfanonin gwamnati wasu aka rufe wasu aka sayar. Amma kasuwa ba ta tsaya ta jira ma'aikaci ba. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya koma tamma 100 maimakon 50, kuma cikin wannan shekara kaɗai tsadar kaya ta ƙaru da fiye da kashi 30 cikin 100. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar da aka yanka tamma 109 ya girma, ya yi aure, ya ɗauki shebur, ya tarar da adadin yana nan inda ubansa ya bar shi.

Shekarar 2005 ita ce ta tona asirin wannan tsaiko. Bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na daminar 2004, buhun hatsi mai kilo 100 ya kai wajen tamma 30,000 a kasuwanni da dama lokacin bazara da tsakiyar damina. Mai karɓar tamma 109 a awa sai ya yi awa 275 kafin ya haɗa kuɗin buhu guda, watau fiye da wata ɗaya da rabi yana aiki, bai sayi gishiri ba, bai biya haya ba, bai kai yaro asibiti ba. A 2006 aka ƙara rabi a kan tsohon albashin, ya koma 28,347 a wata, wajen tamma 163 a awa. Ranar 17 ga Agusta 2012 aka sake ƙara kashi 6 cikin 100, ya zama 30,047, watau tamma 173 a awa. Wannan ma ya shekara fiye da goma kafin ƙarin da ya mai da shi 42,000, wanda ya kai kusan kashi 40 cikin 100. Ke nan cikin fiye da shekara 40 sau uku kacal aka taɓa kuɗin awa: dogon barci, sai zabura, sai kuma wani barcin.

Wannan ƙari na ƙarshe ƙari ne na gaske, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Sai dai lokacin takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ɗora wa ƙasa daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, hanyoyin shigo da kaya sun toshe, shinkafa da mai da sukari suka yi tsada. Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna kuɗin awa da shi tiya ce. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka. In buhu yana jika ashirin, tiya tana dala ɗari, awa biyu na aiki sun kusa sayen ta. In buhu ya kai jika talatin, ma'aikaci zai yi awa 124 kafin ya saye shi. In kuwa ya hau jika arba'in, sai awa 165, wata guda ke nan ba kwana ɗaya. Magidanci mai mata da ƴaƴa biyar ya san kwana nawa buhu ke yi masa, ba ya bukatar a gaya masa ko lissafin ya fita.

Duk wannan magana ce ta wanda doka ta san da zamansa, mai takardar albashi da lamba a asusun CNSS. A Nijar irin waɗannan ba su kai ɗaya cikin goma na masu aiki ba, kuma yawancinsu suna Yamai, ko ma'adinan arewa, ko masana'antar siminti ta Malbaza, ko matatar mai ta SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011. A Sanam da sauran ƙasar Kurfai babu masana'anta mai busa ƙaho da safe. Abin da ƙasar ke fitarwa shi ne hatsi da wake, da shanu da bisashe, da nono da cuku, da tubali da gini, kuma in aka cire ƴan ma'aikatan gwamnati da na tashar kiwon shanun Azawak ta Tukunus, arewa da Filinge, kusan babu wanda aka taɓa ƙirga wa awa. Ana biyan ɗan barema kuɗin yini, daga hantsi zuwa azahar ko la'asar, wani lokaci da fura a kai. Ana biyan mai tubali bisa ɗari ko dubu, mai haƙar rijiya bisa gaba, magini bisa jingar ɗaki, makiyayin haya bisa wata ko bisa yawan kawuna. Matan da ke sussuka, ko masu jido ruwan kwaɓa ƙasa, sau da yawa da hatsi ake sallamar su.

Wannan kasuwa ta ƙarfin damtse tana da tata doka, kuma doka ce marar tausayi. A shekarar da damina ta yi kyau, rumbu ya cika, kowa yana gonarsa, mai neman ɗan barema sai ya yi lallashi, kuɗin yini ya hau, hatsi kuma yana araha. A shekarar da damina ta gaza, masu neman aiki su yi yawa, masu bayarwa su ragu, kuɗin yini ya sauka daidai lokacin da tiya ke hawa. Talaka ya sha duka ta gaba da ta baya. Abin da ya fi ciwo shi ne a watan Yuli da Agusta, lokacin noman farko da maimai, magidancin da rumbunsa ya ƙare yakan bar gonarsa ga ciyawa ya tafi noman ta wani domin ya samo tiyar dare, gonarsa ta ba da kaɗan da kaka, baɗi kuma ya sake fita barema tun da wuri. Rashin tsaron da ya addabi arewacin jahar Tilaberi tun wajen 2017 ya ƙara dagula lamarin: an bar gonakin nesa, wasu kasuwanni sun yi rauni, mutanen da suka baro garuruwansu sun taru a manyan garuruwa suna neman aikin yini, hannuwa sun fi aikin yawa.

Ba abin mamaki ba ne da samari ke ɗaure jaka da zarar an gama girbi. Ƙasar Kodebuwa ta kai nata albashin mafi ƙanƙanta tamma 75,000 a Janairun 2023, watau wajen tamma 433 a awa. Benin ta kai 52,000 a wannan lokaci, Burkina Faso 45,000 cikin shekarar. Ɗan cin rani ba lalle ne ya sami aikin da ake biya bisa doka a Abijan ko Kwatano ba, amma labarin bambancin yana isowa gida tare da masu dawowa. Wasu kuma suna nufar ramukan zinariya, Komabangu a yankin Tera, ko Jado da Cibarakaten da aka gano a 2014, inda ba a maganar awa sam, rabo ake yi in an dace, in ba a dace ba mutum ya dawo da tari da bashi.

Akwai masu cewa tunda haka ne, SMIG ba ta shafi ƙauye ba, a bar ta ga mutanen birni. Hujjarsu tana da ƙarfi ta wani gefe. Manomin da ya ɗauki ƴan barema uku ba kamfani ba ne, sau da yawa akuya ya sayar kafin ya biya su, kuma babu sufeton ƙwadago da zai bi gona gona yana duba agogo. In ma an yi haka zalunci ne. Masu masana'antu na birni su ma suna kuka da tsadar lantarki da kayan waje da ke karya musu kasuwa, suna cewa kowane ƙari yana iya sa a rage ma'aikata. Sai dai wannan hujja ta biyu ta fi goyon bayan gyara a kai a kai. Kamfanin da zai iya haɗiye ƙarin kashi uku ko huɗu kowace shekara biyu, shi ne wanda ƙarin kashi 50 a dare ɗaya ke shaƙewa. Dogon tsaiko ya cuci ma'aikaci shekara da shekaru, zaburar da ta biyo baya kuma ta girgiza mai kamfani, ba wanda ya ci riba.

Game da ƙauye kuwa, akwai ƙofar da doka ke shiga ba tare da ta taka gonar kowa ba, ita ce ƙofar aikin da aka biya da kuɗin hukuma ko na masu ba da taimako. Duk lokacin da aka kawo aikin hanya, ko ginin aji, ko ɗakin shan magani, ko famfo, ko gyaran fako da haƙa ramukan rabin wata, ana ɗaukar leburori daga cikin gari. A shekarun 2010 ayyukan gyaran fako da yawa sun saba biyan tamma 1,300 a yini. Wanda ya yi lissafi zai ga cewa wannan adadi ya yi daidai da awa takwas a farashin 2006, lokacin da awa ke tamma 163. A farashin tamma 242 a awa yinin nan ya kamata ya kusa jika biyu. Duk jami'in da ke tsara kasafin irin wannan aiki, ko yake sa hannu a kwangila, wajibi ne ya duba da wane adadi aka yi lissafin lebura, domin kuskuren dala ɗari da ashirin da takwas a yini, in aka ninka shi da mutum ɗari biyu da kwana sittin, ya haura tamma miliyan bakwai da rabi da aka hana wa gari ɗaya. Kuma amfanin bai tsaya ga waɗanda aka ɗauka ba. Idan akwai wurin da ake biyan jika biyu a gari, mai neman lebura a jika ɗaya sai ya ƙara, ko ya rasa. Tunda galibin waɗannan ayyuka da rani ake yin su, ba su ƙwace wa manomi hannu lokacin noma, sai ma su bar wa talaka ɗan abin da zai hana shi fita barema da wuri.

Dokar aiki ta riga ta tanadi abubuwan da ake bukata, saura a yi aiki da su. Ta ce aikin jinga ko na ƙirge, irin na tubali da ramuka, dole ne a yanka kuɗinsa yadda ma'aikaci mai matsakaicin ƙarfi, yana aiki yadda aka saba, zai sami abin da bai gaza na mai karɓar kuɗin awa ba. Ma'anar wannan a fili take: in ramukan da aka ɗora wa mutum a matsayin aikin yini ba su haƙuwa sai cikin awa goma sha ɗaya saboda taurin fako, to an rage masa kuɗin awa ta bayan gida, ko da adadin da aka rubuta daidai ne. Ta ce awoyin da suka wuce 40 a mako ana biyan su da ƙari. Ta ce mace da namiji in aikinsu ɗaya ne ladansu ɗaya ne, abin da ya kamata a riƙa maimaitawa a filayen rabin wata, inda sau da yawa mata ke da rinjaye saboda maza sun tafi cin rani. Ta kuma ce a manna farashin aiki a ofishin mai ba da aiki da wurin da ake biya. Takarda ce guda da ƙusa huɗu. In an manna ta da Faransanci kaɗai a garin da Hausa ake ji, an cika harafin doka an bar manufarta. A rubuta ta da Hausa, a sa adadin da tamma, a sa shi da dala a gefe.

Ofishin sufetocin ƙwadago na jaha yana birnin Tilaberi, a bakin kogi. Leburan Sanam da ke da ƙara sai ya bi ta Filinge, ya yi wajen kilomita 180 zuwa Yamai, sannan ya sake kama wata hanyar, kuɗin mota kaɗai sun cinye abin da yake bi. Shi ya sa nauyin ya koma kan hukumomin da ke kusa: perefen Abala da na Filinge, da shugabannin ƙananan hukumomi, da sarakunan gargajiya waɗanda a gabansu ake ɗaukar leburori tun farko. Ba sai sun zama alƙalai ba. Ya isa a ce kafin a fara kowane aiki an tara jama'a an karanta musu kuɗin yini da yawan awoyi da ranar biya, an kuma bar kwafe a hannun mai gari. Ƙungiyoyin sandika, waɗanda suka yi fafutukar wannan ƙari, har yanzu ƙarfinsu yana cikin birane. Leburan ƙauye bai san ƙofarsu ba, su ma ba su cika neman tasa ba.

A can sama kuma, akwai kwamitin shawara kan aiki inda wakilan gwamnati da na masu kamfanoni da na ma'aikata ke zama. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, tana fitar da ma'aunin tsadar kaya kowane wata, hukumar SIMA tana bin farashin hatsi a kasuwanni. Kayan awo duk suna nan. Abin da ya rage shi ne a ɗaure kwamitin da wa'adi, a ce kowace shekara biyu zai zauna ya ɗora kuɗin awa a kan farashin tiya ya faɗa wa jama'a abin da ya gani, ko an yi ƙari ko ba a yi ba. In ba a yi haka ba, babu abin da zai hana tamma 242 ta yi irin zaman da tamma 109 ta yi.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci suna da rabonsu a wannan aiki, kuma shi ne mafi sauƙin farawa. A kowace ƙungiyar leburori akwai bukatar mutum ɗaya mai littafi da alƙalami, wanda zai rubuta sunan kowa, da ranar da ya zo, da lokacin da aka kama aiki da lokacin da aka tashi, da ramuka ko tubalin da ya yi. Ranar biya sai a ajiye littafinsa kusa da na magatakardan ɗan kwangila a gwada. Mai kwana ashirin da shida a littafi, awa takwas kowace rana, ya yi awa 208, kuma ko ba a sa ƙarin awoyin da suka wuce ƙa'ida ba, abin da doka ta ba shi ya haura jika hamsin.